Gishirin Teku da Ƙirjin Narelle

Narelle Doolan 'yar garin Tugun ce, can kudancin birnin Gold Coast, inda titi ɗaya ne ya raba gidajen mutane da rairayin bakin teku. Mahaifinta Col mai gyaran famfo ne a ranakun aiki. Asabar da Lahadi kuma sai ya ɗaura hularsa mai ja da rawaya, ya tsaya cikin masu ceton waɗanda ruwa ya ja. A gidansu ba a san akwatin magani ba. Yaro ya taka kwalba, a tura shi teku. Ƙurji ya fito, teku. Mura ma teku. Col yakan ce gishiri ba ya barin ƙazanta a jikin mutum, kuma da yake yaran sun tashi garau, ba wanda ya taɓa ja da shi.

Ta taso doguwa, siririya, mai faɗin kafaɗa irin na masu iyo. A garin da mace ke yin rabin shekara cikin kayan wanka, ba abin da ke ɓoyuwa. Tun tana budurwa samarin kulob ɗin masu ceto suka laƙaba mata suna Allo, wai ƙirjinta da allon da suke hawan igiyar ruwa da shi duk ɗaya ne. Takan yi dariya tare da su. In ta koma gida kuwa, sai ta kulle banɗaki, ta cusa safa a rigar mama, ta juya gefe tana kallon madubi.

Da ta bar makaranta ta koyi gyaran gashi a shagon wata Tamsin, mace mai baki da son jama'a, kuma a nan ta zauna har yau. Hannunta na da sanyi, shi ya sa tsofaffin mata ba sa yarda kowa ya taɓa musu kai sai ita. Ta auri Glenn, mai rufin gidaje, ta haifi uku, ta shayar da su duka. Ɗan abin da ke ƙirjin ma sai ya zube.

Glenn ba ya duka, ba ya zagi. Nasa makamin wasa ne. Wata Lahadi yana gashin nama a bayan gida, abokansa sun kewaye shi da giya a hannu, sai ya ɗago soyayyen ƙwai a kan cokali ya ce, "Nel, duba ko naki ne ya faɗo." Aka kwashe da dariya. Ita ma ta yi, ta wuce ciki da farantin albasa, ta daɗe ba ta fito ba.

Matan shagon Tamsin na da wata al'ada. Duk shekara sukan haɗu su tafi Phuket, wani tsibiri a ƙasar waje, inda ake haɗa wa mace jirgi da otal da tiyatar ƙara girman nono a dunƙule. Hutun ƙawaye suke ce masa. Su dawo fata ta yi duhu da rana, riga ta cika, masu zuwa gyaran gashi su yi ta tambayar sunan likita. Da Narelle ta cika shekara arba'in, wannan tafiyar Glenn ya ba ta a matsayin kyauta. Shi ya zaɓi girman robar da za a sa mata cikin nono a waya, ya wuce wanda ta nuna, ya ce tunda za a yanka ai gara a san an yanka.

Aka yi aikin. Likitan can ya ja mata kunne cewa kada ta kuskura ta shiga ruwa sai ɗinkin ya haɗe sarai. Ta dawo gida kamar an ɗora mata duwatsu biyu, ba ta iya kwanciya sai rigingine. Amma a shago kowa sai ya yaba, har da masu neman izinin taɓawa, kuma karon farko a rayuwarta ta sayi riga ba tare da ta fara duba wuyanta ba.

Sai ɗinkin hagu, can ƙasan nonon, ya fara tsattsafo da ruwa. Ta aika hoto asibitin can, suka amsa cewa haka yake yi. Likitan unguwa kuwa ta ji nauyin zuwa wurinsa, don ta san yadda suke yi wa matan da suka je waje kallon kin ja wa kanki.

Col ne ya lura ta daina fitowa iyon asuba. Ta yi ta kewaye-kewaye kafin ta gaya masa cewa ɗinki ne bai kame ba. Tsohon bai nemi ƙarin bayani ba, don maganar ta fi ƙarfin kunyarsa.

"'Yar nan, ga magani a ƙofar gidanki kina zaune kina ruɓewa," in ji shi. "Shiga ki jiƙa shi. Gishiri zai busar da shi."

Ta ce likita ya hana. Ya tambaye ta ko likitan ya taɓa rainon yara a bakin teku. A makon kuwa an yi ta tafka ruwan sama, rafi ya kwaso dattin kwatocin gari ya zuba a teku, bakin gaɓar ya koma kalar shayi. Col ya ce igiyar ruwa ta riga ta wanke shi. Narelle ta auna mutumin da ta gani sau biyu a wata ƙasa da uban da ya warkar mata da kowane ciwo tun tana rarrafe. Ta shiga. Wurin ya yi mata zafi kamar an zuba barkono, ta ce magani ne ke aiki. Washegari ta koma, da ranar da ta biyo baya.

Nonon ya kumbura, ya yi ja, ya yi tauri, fatar na sheƙi. Ruwan da ke fita ya koma mugunya mai kauri, rawaya da ratsin kore. Sai wari. Ba irin warin gumi ba, irin na naman da aka manta a bayan mota. Ta riƙa yanka audugar mata tana mannawa, tana fesa turare a kai, warin biyu suka haɗu suka zama wani abu da ya fi kowannensu muni. In ta cire audugar sai ta kau da kai, miyau ya cika mata baki. Glenn ya ce karensu ne ya yi birgima a mushe, ya kore shi waje.

Ta san abin da take gudu. In ta je asibiti cire robar za su yi, fatar da aka miƙe kuma ta zube kamar jakar da aka zazzage. Allo ma ya fi wannan daraja. Don haka ta zaɓi ta yi shiru, ko da jikinta ya fara rawar sanyi da tsakar rana.

A shago ta sunkuya tana wanke kan wata tsohuwa, Misis Brophy, sai matar ta yamutsa fuska ta ce anya ɓera bai mutu a magudanar nan ba. Tamsin ta ɗauko ruwan wanke ƙasa ta tuttula a ramin, Narelle na tsaye tana riƙe mata murfin galan ɗin.

Bayan kwanaki kaɗan Tamsin ta same ta a ɗakin ajiya, zaune a kan kwalin shamfu, haƙoranta na haɗuwa, gefen rigarta ya jiƙe.

"Ke ce ɓeran, ko? Ɗaga in gani."

"Ba komai, ƙawata. Yana bushewa."

"Ɗaga, ko in ɗaga miki."

Ɗinkin ya wage kamar baki. A cikinsa ga gefen robar nan ya leƙo, toka-toka, yana santsi cikin mugunya. Tamsin, wadda ita ma irin robar ke ƙirjinta, ta juya ta amayar da abincin ranarta a wurin wanke kofi. Ta kurkure baki, ta ɗauki makullin mota, ta kai ta asibiti.

Likitar da ta duba ta a asibiti mace ce mai furfura, ba ta yi mata faɗa ba. Ta ce ƙwayoyin cutar sun kama hanyar jini, kuma muddin robar na ciki ba maganin da zai ci su, don jikin robar suke maƙalewa. Yau za a cire, ba gobe ba. Narelle ta roƙa ko za a wanke a mayar. Likitar ta girgiza kai. Ta ce na daman bai kamu ba tukuna, ana iya barinsa, amma shawararta a fitar da robobin duka biyu, zaɓi kuma na mai jiki ne.

Ana cikin haka Glenn ya shigo sanye da kayan aikinsa. Ya tsaya nesa da gadon, yana numfashi ta baki. Ya saurari bayanin, ya sosa ƙeya, sannan ya tambayi likitar ko wata nawa za a jira kafin a sa sabuwar roba. Ya ƙara da cewa na daman ai lafiyarsa ƙalau, asara ce a jefar da shi, a bar shi kawai a jira a yi wa ɗayan gyara.

Narelle ta dube shi. Tsawon makonni tana ƙyamar jikinta, tana toshe hanci da warin kanta. Yanzu ga mutum tsaye yana maganar ƙirjinta kamar tayar mota, ita kuwa zazzaɓi na kaɗa ta a gabansa. Ƙyamar ba ta ragu ba, wuri kawai ta sauya.

"Likita, ki cire duka," ta ce.

"Nel, ki yi tunani mana."

"Na yi. Ka fita, Glenn, warin zai dame ka."

An cire su da yammacin ranar. Ta yi kwanaki ana ƙara mata ruwan magani, da siririn bututu a kowane gefe yana tsiyayar da wani ruwa ja-ja cikin kwalba. Jininta ya wanke. Col ya zo dubiya da mangwaro a leda, ya zauna ya ƙura wa takalminsa ido har lokacin tashi ya yi.

Da ta koma gida, ranar farko da za ta canza bandeji ta kira Glenn ya riƙe mata almakashi. Ya zo ya tsaya yana kallon rufin ɗaki. Ta ce ya duba. Ya duba sau ɗaya: fata a naɗe, tabo biyu, na hagu ya lotsa ciki. Ya ce yanzu likitoci sun ƙware, ba abin da ba a gyarawa. Ta karɓi almakashin daga hannunsa ta ƙarasa da kanta.

Da aka koma ganin likita, aka tambaye ta ko tana son a sa mata rana don sabuwar roba. Ta ce a'a. Glenn ya sami aiki a mahaƙar kwal can arewa, kuma kiransa sai raguwa yake yi. Narelle na nan a Tugun da 'ya'yanta, tana wanke kan tsofaffi a shagon Tamsin. Ba ta ce tabon ya yi mata kyau ba. Har yanzu in ta fito daga wanka da sauri take jan tawul. Amma tana kwanciya rub-da-ciki, tana ɗaga hannu sama ba tare da wani abu ya ja ta ba, kuma in ta sunkuyar da kai cikin rigarta, ƙanshin sabulu kawai take ji.