Mai Sauraron Kifi da Haƙora

Aminina ya rasu da daminar nan, Allah Ya jiƙansa. Kunne muke ce masa, don a kwale-kwalenmu ba ya tuƙi, ba ya jan taru. Aikinsa saurare.

Akwai wani ɗan kifi a gaɓar teku, tsawonsa bai wuce taki ba, muna kiransa mai-gurnani. Can ƙasa yake kiwo cikin taɓo, inda kogi ke shiga teku, yana tsintar tsutsa da ƙananan jatan lande. Ruwan wurin duk laka ne, ido ba ya ganin komai. Amma in lokacin ƙwai ya yi, mazan sukan taru suna kaɗa jakar iskar da ke cikinsu, gur-gur-gur, kamar kwaɗi. Sai Kunne ya tsoma filafili a ruwa, ya ɗora kunne a ƙotarsa, ya hana mu ko tari. Inda ya nuna, nan muke zuba taru. Yakan ce bai taɓa ganin sakarai irin kifin nan ba, neman aure ya sa yana tona wa kansa asiri.

Da tsufa ya zo, ji ya fara gudunsa. Matarsa takan kira shi cin abinci har ta gaji ta jefe shi da mafici. Mai jirgi ya ja ni gefe, ya ce in lallashe shi ya zauna a tudu yana ɗinkin taru. Na san duk ranar da aka sauke shi daga jirgin nan, an gama da shi. Na roƙa a bar masa fita ɗaya.

Ranar ya tsoma filafili, ya kasa kunne, shiru. Ya juya ɗaya kunnen, shiru. Can sai na ga ya kafa wa ƙotar haƙora, ya runtse ido, yawu na bin gemunsa. Ashe gurnanin yana bin itacen har ƙashin kansa. Ya ɗaga hannu ya nuna gabas, bakinsa cike da filafili.

Da ƙyar muka jawo tarun. Mai jirgi ya dubi kifi, ya dubi ƙotar da aka tattaune, ya matsa kusa ya ɗaga murya:

"Baba, wurinka na nan. Amma ka zo da naka filafilin, kada ka cinye mini nawa."

Sauran shekarunsa duk a gaban jirgin ya yi su, kusa da ni, yana cizo muna dariya.