Gidanmu Yana Bayan Kanal

Daminar da ɗiyata ta fara rarrafe, masu rabon maganin zazzaɓi gida-gida ba su zo mana ba. Ina hango su da jakunkunansu a ƙetaren kanal ɗin ruwan noman rani, su shiga gari su fito, ba wanda ya hau gadarmu. Mu kuwa sauron fadamun shinkafa a kanmu yake kwana. Ran nan sai na ji goshinta ya yi ɗumi.

Na goya ta, na hau Keke Napep zuwa asibitin Bunkure. Aka nuna min wani malami mai kwamfuta. Ya duba, ya ce ai sunanta na nan, a cikin gari muke. Na ce ni ban taɓa kwana a cikin gari ba.

Sai ya yi min bayani, wai layin da ake rubuta unguwa ne ya cika da shirme. Wannan ya ce bakin gada, wancan bayan kanal, wani gefen injin casa. Shi ne ya ba kwamfutar umarni guda: duk inda ta ga bakin kaza, bayan kaza ko gefen kaza, ta goge ta sa sunan gari. Har da murmushinsa, wai nan take ta gama. To mu nan haka muke kwatance, da ruwa da gada. Ashe ƙauyenmu kaf ta kwashe ta zuba cikin gari, masu magani suka neme mu suka rasa.

Ya miƙo min maganin wata guda, wai in je. Na karɓa, na kwance goyo, na zauna a bencinsa.

"Malam, wata mai zuwa fa? Mayar da mu inda muke."

Ya ce kwatancen farkon ya goge, ba ya dawowa.

"Hannunka bai goge ba. Rubuta."

Na ƙi tashi. Yarinya ta yi ta tsala kuka, na ƙyale ta ya ji da kunnensa. Da ya gaji ya buga, na ce ya karanta min, don bokona bai yi nisa ba. Bayan kanal, gada ta biyu.

Da wata ya zagayo masu maganin suka hau gadarmu, gida ɗaya tak a takardarsu. Suka tarar na tara musu yaran ƙauyen duka a zaurenmu.