Kwalayen Dabinon Baba

Akwai wata Laraba da ba za ta fita raina ba har in koma ga Allah, ranar da bakina ya kusa rushe wa mahaifina aikin shekara goma sha tara.

Baba tela ne a unguwar Zahir, nan Makka. Daga Kano ya zo aikin hajji yana saurayi, bai koma ba. Ɗinki ke ciyar da mu, amma zuciyarsa tana wani wuri: yana haɗa fihirisin kalmomin Alƙur'ani da Hausa, yadda in ka nemi "maraya" ko "haƙuri" za ka tarar da duk surar da ayar da zancen ya zo. Alhazanmu da ba su jin Larabci ne suka sa shi, don kullum sai wani ya tambaye shi a shago, "Malam, a ina Allah ya yi maganar iyaye?" Kwalin da ake sakawa cikin sababbin riguna yake yankawa ƙanana, kowace kalma da katinta, ya jera su cikin kwalayen dabino. Kwali tara ne reras a saman kabad.

Ni kuwa lokacin ina koyon aikin laburare, kaina sai hayaƙi yake. Ranar Litinin aka karantar da mu tarihin fihirisi, na kwaso shi da zafinsa na kawo gida muna cin abincin rana.

"Baba, ka san waɗanda suka fara irin aikin nan naka? Limaman Kirista ne a Faransa, kusan shekara ɗari takwas da suka wuce. Lokacin ayoyin littafinsu ba su da lamba, sai suka raba kowane babi kashi bakwai da haruffa. Daga baya wani malamin Yahudawa ya gani, ya yi wa nasu littafin." Na ƙara da dariya, "Ashe kai ɗalibinsu ne."

Ya ajiye cokali ya ce da Larabci, "Ɗayyib," wato to, shi ke nan. Ni da nake ganin na fi kowa wayo ban lura bai ƙarasa abincin ba.

Ranar Laraba na dawo na ga saman kabad wayam. Umma ta ce, "Ya kai su masallaci. Ya ce ba zai gamu da Allah da kwaikwayon Yahudu da Nasara ba." A nan ba a zuba takarda mai aya a shara, akwai akwatin ƙarfe a bakin masallaci da ake saka irinsu, mota ta zo ta kwashe. Na zari abaya, Umma na bina a baya.

Motar ta riga ta zo ta tafi. Amma akwatin ƙaramin baki gare shi, kwali biyu kawai Baba ya iya juyewa ya cika, sauran ya jera a gefe. Mai kula da masallacin ya ga kwalayen dabino, ya zaci sadaka aka kawo, ya shigar da su ɗakinsa. Haka Allah ya tsare bakwai.

Na wuce shago. Na tarar da Baba a kan keken ɗinki, bai ɗago ba. Na sauko da fihirisin Larabcin da yake dubawa tun kafin a haife ni, na ajiye gabansa.

"Baba, rabin labarin na ba ka. Irin wannan ma wani Bature ne ya fara yi wa Alƙur'ani, wani malamin Masar ya zo ya gyara kurakuransa ya fitar da nasa. Ga shi a hannun malamai ko'ina."

Ya tsayar da keken. "Shi Bayahuden da ya ari dabarar, ya bar addininsa?"

"A'a. Don ya kare shi ma ya yi."

Ya nuna allurar keken. Ya ce, "Wannan ma ban san addinin maƙerinta ba, ga shi rigunan Idi take ɗinkawa. To ya binti, 'yata, me ya hana ki faɗa min haka tun ran Litinin?"

Kunya ta rufe ni, don na san ba ilimi na kawo masa ran nan ba, burge shi na so yi.

"Halas, ya wuce," in ji shi. "Waɗanne suka tafi?"

Na farko da na biyu ne, daga A zuwa D. Allah, Aljanna, Annabi, duk manyan suna ciki. Shekara uku muka yi muna maido su, idonsa ya fara rauni, yana faɗa ina rubutawa. Yau in ka buɗe kwalayen za ka ga bakwai da rubutunsa, biyu da nawa, kuma bai taɓa yi min gori ba.

Abin da na koya shi ne, in za ka ba mutum labarin abin da ya ƙarar da ƙarfinsa a kai, ka ba shi duka ko ka kama bakinka. Rabin da na riƙe don in sha dariya, shekara uku na yi ina biyansa.