Tukunyar Iro da gadin ganuwa

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar aminina Iro maɗinki, Allah ya jiƙansa, kuma tun ranar da muka kai shi makwanci ni ke gadin ganuwar da ke bayan unguwarmu. Kullum la'asar ina kan bencina a gindinta. Ko ƙadangare zai hau sai ya yi mini sallama. Ku tambayi kowa, daga unguwar Kwarbai har ta Tukur-Tukur.

Ga yadda na gaji aikin. Wata damina gefen ganuwar ya zabtare, sai ga bakin tukunya a rufe da murfi. Kun san mu, tukunya a binne ai sammu ne. Nan da nan aka taru, wannan da taɓarya, wancan na cewa a fara yi mata fitsari asirin ya karye. Ni ma ina wurin, can bayan jama'a, inda aka fi ganin komai. Iro ya ɗauko babbar rigar da yake yi wa aiki, rigar mutane fa, ya lulluɓe tukunyar, ya zauna a gabanta.

"Wa aka yi wa sammun?" in ji shi. "Wanda aka binne wannan dominsa ya riga kakan kakanku mutuwa. Ku bar ta a inda take."

Bai tashi ba sai da ma'aikatan kayan tarihi suka iso. Suka tone ta da ɗan buroshi kamar masu yi wa amarya kwalliya. Tsakiya ce a ciki, irin duwatsun adon mata, da wasu ƙarafa. Suka ce da an ɗaga ta, da rabin labarinta ya tafi, don wurin da aka samu abu shi ma shaida ne. Suka kafa allo, an rubuta doka ta hana tonon ganuwa.

Allon nan yau shi ne ƙyauren akurkin kajin wani. Dokar tana nan a takarda, lafiyarta ƙalau, har ƙiba ta yi. Ganuwar ce ta rame. Tifa ke zuwa da rana tsaka ta kwashi jar ƙasa a yi ciko, wani ya yanka fuloti a kanta, wani ya mai da gefenta juji. Tukwane nawa shebur ya farfasa ba wanda ya leƙa? Mutanen da suka taru a kan tukunya ɗaya suna salati, yanzu tarihin gari ake lodawa a mota a gabansu, ko tari ba sa yi. Da Iro zai leƙo, da sai ya tambaya ko cin mu aka yi da yaƙi. Abin da ya rage a bayan unguwarmu bai fi tsawon sahun masallaci ba, kuma a nan ya tsare tukunyarsa. In wannan ya tafi, ban san inda zan nuna wa jikokinsa ba.

Ran Juma'ar nan na je gaida matarsa, Hajiya Asabe, na kwashe duk wannan na faɗa mata, har da yadda direbobi ke rawar jiki in sun hango ni. Ta gama saurare, ta turo mini kwanon fura.

"Malam Tanimu, ina fa hango ka ta saman katanga. In tifa za ta yi baya, ba kai ne kake janye benci kana 'dawo, dawo, ya isa' ba?"