Mai Jan Fenti

Da hantsi yake shigowa unguwar bakin kwata, da takalmin roba har gwiwa, gwangwanin jan fenti a hannu. Ma'aikacin tsara birni ne, kuma da jikinsa yake awo. Duk gidan da ambaliyar bara ta bar wa zane sama da ƙugunsa, na rusau ne, ta nan sabuwar magudana za ta bi. Ko kallo ba ya yi wa doguwar katangar masu hali da ta toshe hanyar ruwan. Wataƙila a bayanta yake kwana.

Wata tsohuwa ta shafe bangonta da farar ƙasa don ta ɓoye zanen. Ya tsaya yana murmushi, ya sa makullin mota ya kankare har laka ta fito.

"Ɗan nan, a ɗakin nan na haifi bakwai," in ji ta.

"Sannu da ƙoƙari, Iya."

Ya zabga wa ƙofarta jar alama, sannan ya dubi yatsunsa.

"Ɗan zubo mini ruwa in wanke hannu. Ai ku ba kwa rasa shi."

Ta kuwa ɗauko buta.