Ranar da Motata ta Daina Sallama

Na manta da yawa daga ƙa'idojin nahawun da na yi shekaru ina cusa wa yara, amma akwai wani yammaci a Abakpa da ba zai bar raina ba, ko da ƙwaƙwalwar ta bi ni ritaya.

A shekarun da ake ta shirin mulkin kai ne. Ina koyarwa a Doka, ina zaune a Abakpa, duk a Kaduna, da maiɗakina da mahaifiyata, wadda na ɗauko daga ƙauye bayan rasuwar Baba. Ni ne ɗanta na fari, kuma Inna ta riƙe kunyar ɗan fari kamar farilla. Ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kallon fuskata. In na gaishe ta sai ta amsa wa bango. In tana da magana sai ta ce wa maiɗakina, "Ki gaya wa wancan." Na san al'ada ce, na ma karanta bayaninta a littattafan Turawa, da kurakuransu. Amma sani bai hana ni kwana da tambaya ba: shin ina da wuri a zuciyar matar nan, ko zaman dole take yi a gidana?

A lokacin ina da wata baƙar mota da na saya hannun wani Bature mai komawa gida. Ta girmi yawancin ɗalibaina, kuma ta fi su surutu. Tun daga kwanar unguwa take shelar isowata, fat-fat-fat, kaji su watse. A makaranta kuwa yara sun sa mini suna Malam Aradu. Wannan duk na jure. Abin da ya kai ni bango shi ne hayaƙin da ya fara shigowa cikin motar, kullum in isa aji da ciwon kai.

Maƙwabcina, wani direban gwamnati mai barkwanci, ya saurare ta ya ce gaskit ne ya ƙone, wato ɗan faifan da ke toshe mahaɗar inji da bututun salansa. Ya samo mini sabo, ya ara mini sifana da jak, ya ce, "Malam, mai gyara jimla ai ba zai kasa gyara bututu ba."

Ranar Lahadi da hantsi na ɗaga motar a ƙofar gida, na tokare ta da kututture, na shimfiɗa buhu na shige ƙarƙashinta. Notunan sun yi tsatsa sun kafe. Na jiƙa su da kananzir, na jira, na murɗa, na yi musu magana da Hausa, na yi musu da Turanci, kafin suka saki. Tsohon gaskit ɗin ya fito guntu-guntu kamar ƙonannen ƙosai. Na kankare bakin da tsohuwar wuƙa har ya yi sumul, na zaunar da sabon, na ɗaure notunan bi da bi, kaɗan-kaɗan, don kada gefe guda ya ɗage. Na fito baƙi ƙirin. Da na tayar da ita, sai wani ɗan gurnani mai ladabi. Maƙwabcina ya riƙe baki. "Ka kashe mata murya, Malam! Yanzu sai ka riƙa shigowa gari kamar ɓarawon kaji."

Washegari na dawo bayan la'asar kamar kullum, na tsaya a gindin bishiyar ƙofar gida, ko akuya ba ta ɗaga kai ba. Maƙwabta suka taru ganin abin al'ajabi, ni kuma malami ba ya ƙin masu sauraro. Na shiga lacca kan salansa har rana ta yi ja.

Ina shiga zaure, wanda ya riga ya yi duhu, sai na ga mutum tsaye a ƙofar ciki yana lalube bango. Inna ce, da mayafi a kanta da takalmi a ƙafa, ita da tun zuwanta Kaduna ba ta taɓa leƙa titi ba. Yanar ido ta riga ta ci ƙarfin ganinta, ba ta ganin komai sai inuwa. Ta ji motsina ta tsaya.

"Bawan Allah," ta ce, "don Allah ko ka ga wata baƙar mota mai ƙara a hanya? Har yanzu ba ta dawo ba. Ta ɗana ce."

Ɗana. Na koyar da mallaka a nahawu sau ba adadi, littafina, gidana, rigata. Ban taɓa jin nauyin wannan ɗan "na" ɗin ba sai ranar.

Na so in durƙusa in ce ga ni, Inna. Amma na san in na yi haka, kunya za ta hana ta sake haɗa inuwa da ni. Sai na shaƙe murya na ce, "Tana tafe, Iya. Koma ciki." Na fita da baya, na shiga motar, na zagaya unguwa. Da na iso kwana na danna hon, na sake dannawa, har wani mai keke ya yi mini addu'ar da ba ta cikin littafi.

Na shigo da sallama. Inna na kan tabarmarta, mayafi a ninke, ta juya wa ƙofa baya, tana buɗe kwanon tuwo. Na gaishe ta, ta amsa wa bango. Can ta ce wa maiɗakina, "Ki gaya wa wancan, wanda ya gyara motar nan ya ɓata ta."

Daga baya maiɗakina ta gaya mini cewa tun da na sayi motar Inna ba ta taɓa kai loma baki da yamma ba sai ta ji ƙararta. Na ce me ya hana ki faɗa mini? Ta ce, "Malam, ai ka san komai, na zaci har da wannan."

Ban kwance sabon gaskit ɗin ba, don hayaƙi ba ya sanin al'ada. Amma kullum na iso kwana sai in danna hon, Inna kuma ta yi ta mitar direbobin zamani marasa tarbiyya, hannunta na kan murfin kwano. Ko ta gane muryata a zauren nan? Ban tambaya ba, ita ma ba ta faɗa ba, har Allah Ya karɓi abinSa.

Motar ta daɗe da zama tukwane a hannun maƙera. Wadda jikokina ke ɗauka ta a ciki yanzu ko numfashinta ba a ji. Amma in mun zo kwanar Abakpa, hannuna kan nemi hon a sitiyarin da ba ya gabana. Abin da na koya shi ne, kafin ka kashe wata ƙara a gidanka, tsaya ka duba ko akwai mai jiran ta. Wasu ba da baki suke cewa suna son ka ba, da kunne suke yi.