Firmin Mai Feshin Sauro

A bakin fadamar Camargue, can kudancin ƙasarsu, aka haifi Firmin Cabanès, kuma kisan sauro gadonsa ne, wurin ubansa ya koya. Tun yana saurayi yake kutsawa cikin laka har gwiwa da tankin feshi a baya, yana bin tsutsar sauro kududdufi bayan kududdufi. A da, aikin yana da lokacinsa. Da sanyi ya kama sai sauro ya ɗauke, su rataye tankuna, Firmin ya wuce gonar amininsa Anselme mai kiwon zuma, su zauna da burodi da cuku da giyar inabi.

"Ga sarkin sauro nan," in ji Anselme. "Bana talakawanka nawa ka hallaka?"

"Gara nawa, tsohon banza. Naka har mai ciyar da su suke harbi."

Sannu a hankali sanyin ya riƙa ja da baya. Disamba ta zo, mutane na yawo ba rigar sanyi. Ga kuma wani sabon sauro, ɗan ƙarami, baƙi mai zanen fari, da rana tsaka yake cizo. Shi ba ruwansa da fadama, ɗan ruwan da ya kwanta a gindin tukunyar fure ya ishe shi hayayyafa. Hukumar lafiya ta fitar da Firmin daga laka, ta sa shi bin gida-gida da furfurarsa yana roƙon mutane su kife bokitansu. Wasu su saurara, wasu su amsa masa ta bayan ƙofa. Har maƙabarta ya je yana zubar da ruwan furanni, wata tsohuwa ta taso masa da sanda.

"Furen mijina ne, marar kunya!"

"Madam, ruwan ne yake..."

"Matattun ma ba za ku bari su huta ba?"

A watan Agusta wata yarinya a unguwar su Anselme ta kwanta da zazzaɓin denge, wanda sabon sauron ke yaɗawa, alhali ko ƙofar gari ba ta taɓa fita ba. Aka ba da umarnin feshe unguwar kakaf. Firmin da kansa ya je ya gaya wa amininsa.

"Ka toshe amya, mu lulluɓe su da jiƙaƙƙen buhu."

"A wannan zafin? So kake su dahu a ciki?"

"Yarinyar tana asibiti, Anselme."

"Na sani. Uwarta a hannuna take sayen zuma."

Tare suka lulluɓe su. Da asuba motar feshi ta ratsa layin, Firmin ne a bayanta riƙe da tiyo. Da hantsi suka buɗe amya, suka tarar fiye da rabin ƙudan zuman sun zube. Maganin ne ko zafin, babu wanda ya sani. Anselme ya ɗauko shebur yana kwashe su. Firmin ya miƙa hannu zai karɓa.

"Je ka gida, Firmin," in ji shi, ko ɗagowa bai yi ba.

Yarinyar ta warke. Kafin wata ya ƙare zazzaɓin ya ɓulla a wata unguwa, aka sake tura motar, daga nan kuma wata. Anselme ya sayar da sauran amyarsa ya koma wurin ɗansa can cikin duwatsu, ba sallama. Firmin ya ƙarasa shekarar ya ajiye aiki.

Yanzu yakan wuni a ɗaki da tagogi a rufe, fanka na kaɗa masa iska mai zafi. Kwanan baya 'yarsa Maëlys ta bugo waya daga arewacin ƙasar, inda aka saba yi wa mutanen kudu dariya saboda sauro.

"Baba, wani abu mai zanen fari ya ciji jaririna. Me zan fesa?"

Firmin ya juya yana kallon rufaffun tagoginsa.

"Baba, kana ji na?"

"Ina ji. Saya masa gidan sauro, 'yata. Ki sayi mai kyau, wanda zai daɗe."